Kalmar Bard: Ma'anarta da Matsalar Fassara Ta, Tare da Misali Daga Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa



Abin da ya jawo rubuta wannan takarda wani ɗan al'amari ne da ya faru a aji. Wata rana a darasin fassara na ba ɗalibai wani sakin layi na Ingilishi wanda ke bayani a kan mawaƙan gargajiya na Afirka, na ce su mayar da shi Hausa. A cikinsa akwai kalmar bard. Da na karɓi takardu, sai na tarar amsa ta kasu huɗu. Waɗansu sun rubuta "mawaƙi", waɗansu "maroƙi", waɗansu "marubucin waƙa", ɗaya kuwa ya rubuta "barde". Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai ya ga sun yi kama ne, ya ɗauka Turawa suka ara daga gare mu.

Tasa amsar ba ta da wuyar gyara, domin kama da wane ba ta wane. Barde a Hausa jarumi ne mahayin doki, kuma sarauta ce ta fada, ba abin da ya haɗa shi da waƙa. Sai dai a lura cewa Faransanci yana rubuta wannan kalma ta Turawa da haruffa iri ɗaya da barden Hausa, saboda haka 'yan'uwanmu na ƙetaren Kwangwalam, a Jamhuriyar Nijar, sun fi mu fuskantar wannan ruɗami. Sauran amsoshin uku su ne suka ba ni aiki, domin kowace tana da hujja, kuma kowace tana da naƙasu.

Manufar wannan takarda ita ce, da farko, ta bi asalin kalmar da sauye-sauyen da ma'anarta ta yi. Na biyu, ta auna ta da mawaƙanmu, tare da ɗaukar ƙasar Daura a matsayin ma'auni. Na uku, ta ba da shawara ga masu fassara da masu koyarwa. Ra'ayin da zan kare shi ne, babu kalmar Hausa guda ɗaya da za ta ɗauke ta, domin ayyukan da Turawa suka tara a kan mutum ɗaya, Hausawa sun rarraba su ga mutane dabam-dabam.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar bard ba ta Ingilishi ba ce tun fil'azal. Aro ce daga harsunan Keltawa, watau al'ummar da ta zauni ƙasar Faransa ta yau da tsibiran Birtaniya tun kafin Romawa su ci waɗannan ƙasashe. Har yanzu ana magana da jikokin waɗannan harsuna a Ailan da Sikotlan da Wales. Masana tarihin harsuna sun nuna cewa an gina kalmar ne daga saiwa biyu, ɗaya mai ma'anar "yabo", ɗaya mai ma'anar "yi" ko "ƙera". Ma'anarta ta farko ke nan ita ce mai ƙera yabo.

Marubutan Girka ne suka fara ba da labarin waɗannan mutane. Diodorus mutumin Sisili, wanda ya yi zamani a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana cewa Keltawa suna da mawaƙa masu wannan suna, waɗanda ke rera waƙa da wani abin kiɗa mai tsirkiya, suna yabon waɗansu, suna kushe waɗansu. Strabo kuma ya lissafa su cikin rukunoni uku da al'ummar ke girmamawa, tare da masu duba da kuma malaman addininsu. Abin lura a nan shi ne, ba da labari ba shi ne aikin da aka fara sanin su da shi ba. Yabo da zambo ne, kuma duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai gane mutumin da ake nufi.

A tsohuwar Ailan mawaƙa aji biyu ne. Na sama shi ne fili, wanda ke shafe shekaru yana karatu, yana hawa daraja bakwai, ya haddace nasabar sarakuna da dokoki da tarihi. Wanda ya kai ƙololuwa ana bukatar ya riƙe labarai 350 a ka. Shi kuwa bard yana ƙasa da shi, domin ba shi da wannan karatu. Daga baya ayyukan biyu suka cuɗanya, aka sami gidajen da suka gaji sana'ar, irin su gidan Ó Dálaigh, masu makarantun koyar da waƙa waɗanda suka ɗore har ƙarni na 17. A fada, wanda ya tsara waƙa dabam, wanda ke rera ta dabam, mai kiɗa kuma dabam.

A Wales kuwa, dokokin da ake jingina wa Sarki Hywel Dda, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, sun sanya mawaƙin gidan sarki cikin ma'aikatan fada, suka yanka masa haƙƙoƙinsa da wurin zamansa. A shekarar 1176 wani basarake mai suna Rhys ya shirya gasa a garin Cardigan, inda aka ba da kujera ga wanda ya ci a waƙa, da wata ga wanda ya ci a kiɗa. A taƙaice, bard na asali ma'aikacin fada ne mai muƙami, mai ubangida, kuma galibi mai gado.

3.0 Faɗuwar Kalmar da Tashinta

Darajar mawaƙin fada tana rataye ne da darajar fadar. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya ci Wales da yaƙi a 1282 zuwa 1283. A Ailan, manyan sarakunan arewacin ƙasar sun yi hijira zuwa Turai a 1607, suka bar mawaƙansu ba ubangida. A Sikotlan, dokokin ƙarni na 15 sun jera bard tare da masu yawon banza da masu cin abincin mutane da ƙarfi, sa'an nan a 1609 dokokin Iona suka hana shugabannin ƙabilun tsibirai saukar da irin waɗannan mawaƙa a gidajensu. Gwamnati ta gane cewa mai tuna wa mutane jaruntakar kakanninsu yana iya tayar da su. Saboda haka lokacin da kalmar ta shiga bakin masu jin Ingilishi, da raini ta shiga, tana nufin mai yawo gari-gari yana roƙo da zage-zage.

Sai da sana'ar ta mutu sa'an nan aka fara begenta. A 1757 Thomas Gray ya wallafa waƙarsa mai suna The Bard, inda ya siffanta mawaƙi na ƙarshe a Wales tsaye bisa dutse yana la'antar Sarki Edward, kafin ya faɗa kogi. Labarin da ya dogara a kai, cewa wai Edward ya sa an karkashe mawaƙan Wales, almara ce wadda tarihi bai tabbatar ba, amma hoton ya zauna a zukatan mutane: dattijo mai furfura, mai hangen gaba, muryar al'ummar da aka zalunta. Tsakanin 1760 da 1763 James Macpherson ya buga waɗansu dogayen waƙoƙi, ya ce fassara ce daga wani tsohon mawaƙi mai suna Ossian. Turai duka ta ɗauka, har Napoleon da Goethe suna cikin masu sha'awarsu. Samuel Johnson ya ƙaryata shi tun a lokacin, kuma bincike ya nuna cewa mafi yawan aikin ƙirar Macpherson ce, wadda ya ɗora a kan gutsattsarin tsofaffin waƙoƙi na gaskiya.

Daga nan kalmar ta zama laƙabin girmamawa. Bayan bikin da David Garrick ya shirya a Stratford a 1769, sunan ya manne wa Shakespeare, har ya zama in an ce "the Bard" kawai, shi ake nufi, alhali shi marubucin wasan kwaikwayo ne, ba mawaƙin fada ba. Mutanen Sikotlan suka ba Robert Burns irin wannan matsayi. A 1792 Iolo Morganwg ya kafa majalisar mawaƙan Wales a Landan, kuma har yau a bikin adabi na ƙasar ana ɗora wanda ya ci gasar waƙa a kan kujera.

Ma'anar "mawaƙi mai ba da labari" ta ƙarfafa ne ta wata hanya. Masu fassara adabin Girka sun riƙa kiran Homer da mawaƙan da ke cikin littattafansa da wannan suna. A tsakanin 1933 da 1935 Milman Parry ya je Yugoslabiya ya naɗi mawaƙan baka masu rera labaran yaƙi, ɗalibinsa Albert Lord ya ci gaba da aikin, ya fito da littafin The Singer of Tales a 1960. Ɗaya daga cikin mawaƙan, Avdo Međedović, ya rera musu waƙa guda mai layi fiye da 12,000. Tun daga nan, a bakin manazarta adabin baka, bard ya zama mai rera dogon labarin jarumai. Kalmar ba ta tsaya nan ba. A Rasha, daga shekarun 1960, an kira mawaƙa masu tsara waƙarsu su rera da jita, irin su Vladimir Vysotsky, da wannan suna. A 2023 kamfanin Google ya raɗa wa wata manhajarsa mai amsa tambayoyi suna Bard, kafin ya sauya shi zuwa Gemini a 2024.

Idan aka tattara, za a ga ma'anoni huɗu:

(a) mawaƙin fada mai muƙami, wanda aikinsa yabo da zambo da ambaton nasaba;

(b) mawaƙin baka mai rera dogon labarin jarumai;

(c) babban sha'irin da al'umma ta ɗauka a matsayin muryarta;

(d) mai yawon roƙo, wadda ita ce tsohuwar ma'anar raini, kuma ta bar bakin mutane.

Har wa yau, Baturen zamani ba ya kiran sha'irin da ke raye da wannan suna a magana ta yau da kullum, sai in yana son kambama shi ƙwarai, ko kuwa yana yi masa ba'a.

4.0 Shigowarta Nazarin Adabin Afirka

Manazarta sun kawo kalmar Afirka da ma'ana ta (a) da ta (b). Archie Mafeje, a wata maƙala ta 1967, ya kira imbongi na Xhosa a Afirka ta Kudu da wannan suna, domin ya nuna cewa ba yabon sarki kaɗai yake yi ba, yana kuma faɗa masa koken talakawa. Daniel Biebuyck, wanda shi da Kahombo Mateene suka buga labarin Mwindo na Kwango a 1969, ya yi amfani da ita ga mai rera labarin. A 1970 Ruth Finnegan ta bayyana ra'ayin cewa doguwar waƙar labarin jarumai ba ta yawaita a Afirka kudu da Sahara ba. Isidore Okpewho ya mayar mata da martani a 1979 da littafinsa The Epic in Africa. Babbar hujjar masu irin ra'ayinsa ita ce ƙasar Mande, inda jeli, wanda Faransawa ke kira griot, ke rera tarihin Sunjata mai kafa daular Mali. D. T. Niane ya buga wannan labari a 1960 daga bakin Mamadu Kuyate.

Mu kuwa a Hausa wata hanya aka bi da mu. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun jingina maroƙi da mai sana'ar bara. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a mujallar Africa, ya ɗauki roƙo a matsayin waƙar yabo, ya nuna yadda yake tabbatar da matsayin kowa a cikin jama'a. Ke nan mawaƙin Hausa ya sami kansa tsakanin sunaye biyu na baƙi, ɗaya ya ƙasƙantar da shi, ɗaya kuma, watau bard, ya yafa masa rigar da ba a auna da shi ba. Domin mu ga inda rigar ta yi daidai da inda ta yi yawa, sai mu nufi Daura.

5.0 Ma'auni: Ƙasar Daura

5.1 Labarin da Masu Riƙe da Shi

Dalilin zaɓen Daura a fili yake. Idan akwai wurin da ya kamata a sami mawaƙi mai rera dogon labari a ƙasar Hausa, to nan ne, domin nan ne gidan labarin Bayajida. Labarin ya tara duk abin da irin wannan waƙa ke bukata. Ga ɗan sarki da ya baro Bagadaza, ga zamansa a Barno da gudunsa daga can, ga maƙeran Gaya da suka ƙera masa makami, ga tsohuwa Ayana da ta sauke shi, ga macijiya a rijiyar Kusugu wadda ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ga aurensa da Sarauniya Daurama, ga Bawo da 'ya'yansa shida waɗanda, tare da Biram, suka zama tushen Hausa Bakwai.

Duk da haka, a zube wannan labari ya iso gare mu, ba a waƙe ba. Dattawan fada da masu sarauta ne ke ba da shi da magana, malamai kuma suka adana jerin sarakuna a rubuce cikin abin da ake kira Girgam. Daga irin waɗannan majiyoyi H. R. Palmer ya buga shi a Sudanese Memoirs a 1928, kuma daga bakin dattawan masarautar M. G. Smith ya tattara abin da ya zama littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Bayan baki da takarda, labarin yana zaune cikin abubuwan da ido ke gani: rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, sarautun Magajiya da Galadima da Kaura suna nan a fada, kuma labarin kansa ya ba da dalilin matsayin Galadima da Kaura, tun da su ne aka aika su dubo macijiyar bayan an kashe ta. Sallar Gani kuma, wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokaci ne na tuna wannan tarihi.

Riƙe nasaba a Daura ba abin nishaɗi ba ne kawai. Wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa gidajen sarauta a Zango da Baure. Bayan kimanin shekara ɗari, a 1906, Turawa suka mayar da Malam Musa na wannan zuriya kan gadon Daura, abin da bai faru a Kano ko Katsina ko Zariya ba. Daga gare shi sarauta ta bi ta kan Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, sai Faruk Umar Faruk wanda ya hau a 2007. Gidan da ya yi ƙarni guda a waje, sa'an nan ya dawo, ya san cewa sanin wa ya haifi wa hujja ce ta mulki. Irin wannan nauyi a Ailan fili ne ke ɗauke da shi. A Daura yana wuyan dattawan fada da malamai.

5.2 Aikin Mawaƙi

To, mene ne aikin mawaƙi? Makaɗin fada ba ya ɗauko labari daga farko ya bi shi har ƙarshe. Yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, sa'an nan ya riƙa ɗora ɗiya: yabo, zuga, ambaton iyaye da kakanni, habaici ga 'yan sarkin da suka nemi sarauta suka rasa, zambo ga abokan gaba, da godiya ga masu kyauta. Tarihi yana ciki, amma da ishara. Sunan kaka ɗaya, ko na wani gari da aka yi yaƙi, ya isa ya tayar da labari sukutum a zuciyar wanda ya sani. Mawaƙin ya ɗauka cewa masu sauraronsa sun riga sun san labarin, aikinsa shi ne ya ɗaura shi a jikin sarkin da ke zaune.

Kuma ba shi kaɗai ke wannan hidima ba. A fadojin ƙasar Hausa akwai masu tambari da kakaki da algaita, waɗanda kayan kiɗansu da busarsu ke faɗin taken sarki ba tare da an buɗe baki ba. Akwai maroƙin baki, wanda a waɗansu wurare ake kira sanƙira, a waɗansu ɗan ma'abba, mai ɗaga murya da kirari yana bayyana abin da kiɗa ya faɗa. Akwai zabiya a ɓangaren mata. Idan aka haɗa da dattawa da malamai masu riƙe da tarihi, za a ga aikin da kalmar bard ta ƙunsa ya rabu aƙalla gida huɗu.

Mawaƙa biyu da suka yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa za su ƙara haskaka batun. Na farko shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Shi ya gaji kiɗa, da kotso yake yi, kuma sarakuna ne ginshiƙin waƙoƙinsa. Shi da irin su Ibrahim Narambaɗa na fadar Isa, da Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, sun dace da ma'ana ta (a) ƙwarai da gaske. Na biyu shi ne Alhaji Mamman Shata. Bai gaji kiɗa ba, bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba, da kalangu ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da sojoji da manoma waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma da ya rasu a watan Yuni na 1999, a Daura aka binne shi saboda kusancinsa da Sarki Bashar. Idan za a kira Shata bard, to da ma'ana ta (c) ce. Abin sha'awa ne cewa Ɗandatti Abdulƙadir, a kundin digirinsa na uku na 1975, ya kira shi mawaƙin baka ne kawai. Babu ko ɗaya daga cikin biyun da ya dace da ma'ana ta (b).

5.3 Ina Labari a Waƙar Hausa?

Wannan ba ya nufin Hausawa ba su saka labari cikin waƙa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace yakan siffanta damben Shago daki-daki, haka mawaƙan mafarauta da 'yan tauri kan kawo abin da gwaninsu ya aikata. Amma guntun labari ne mai yi wa yabo hidima. Tatsuniya kuwa labari ce a zube wadda ake tsarma wa waƙa, kuma iyaye mata ne galibi ke riƙe da ita. Inda za a sami tarihi a jere cikin baitoci shi ne rubutacciyar waƙa ta malamai. Akwai Waƙar Bagauda, mai jera sarakunan Kano haɗe da wa'azi, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965. Akwai Waƙar Gewaye, wadda Nana Asma'u ta tsara da Fulatanci a kan tarihin jihadi, ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa. Akwai kuma waƙar Alhaji Umaru na Salaga a kan zuwan Nasara. Ke nan a ƙasar Hausa, sha'iri mai ba da labari ya fi kusa da zauren malam fiye da ƙofar fada, kuma alƙalami ne kayan aikinsa, ba kotso ba.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, mai fassara daga Ingilishi ya fara tambayar kansa wace ƙasa da wane zamani ake magana a kai. In fadojin Ailan da Wales ne, ko imbongi, "mawaƙin fada" ko "makaɗin fada" ya wadatar. In Homer ne, ko mai rera Sunjata, sai ya ce "mawaƙin labaran jarumai". In laƙabin girmamawa ne, "babban sha'iri" ko "fasihin ƙasa" ya dace, in kuwa Shakespeare ake nufi, a ambaci sunansa kawai. In tsohuwar dokar Sikotlan ce, "maroƙi mai yawo" ya fi kusa.

Na biyu, mai rubutu da Ingilishi a kan adabinmu ya bar makaɗi da maroƙi da sanƙira da zabiya da sunayensu na Hausa, ya yi musu bayani sau ɗaya. Haka manazartan Mande suka yi da jeli, na Xhosa suka yi da imbongi, har duniya ta saba da su.

Na uku, mu raba wa ɗalibai roƙo da bara. Mai bara sadaka yake nema, ladan mai bayarwa yana wurin Allah. Maroƙi kuwa kyauta yake karɓa, kuma ya ba da wani abu a madadinta, watau suna da ɗaukaka a bainar jama'a. Wanda ya haɗa su ya maimaita kuskuren dokokin Sikotlan.

Na huɗu, duk wanda zai naɗi waƙar fada, kada ya tsaya ga muryar mawaƙi. Ya zauna da dattawan fadar su warware masa kowane suna da kowane habaici, ya rubuta.

7.0 Kammalawa

Shawara ta huɗu ita ce ta fi damuna, kuma tarihin kalmar bard ne ya koya mini ita. Mun ga yadda mawaƙin Keltawa ya faɗi lokacin da fadar ubangidansa ta faɗi, aka raina shi yana raye, aka yi begensa bayan ya mutu, har aka kai ga ƙirƙiro masa waƙoƙin da bai yi ba domin cike giɓi. Mu ma tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon sarakuna. Mawaƙi yana bin inda kyauta take, shi ya sa da yawa suka karkata ga 'yan siyasa da attajirai.

Mun fi Keltawa sa'a ta fuska ɗaya, domin muna da muryoyin Ɗanƙwairo da Shata da Narambaɗa a naɗe. Amma tun da waƙar fada ishara ce, rabin ma'anarta ba ya cikin faifai, yana cikin kan dattijon da ya san wanda aka yi wa habaici da abin da ya jawo shi. In dattijon ya kau ba a tambaye shi ba, za a bar mu da kiɗa mai daɗi da sunaye marasa labari. Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu ba su yi wa kwalejojinmu nisa ba, kuma ɗalibanmu 'ya'yan waɗannan garuruwa ne. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai ladabi da haƙuri da abin naɗar magana.

Game da takardun ɗalibaina kuwa, na ba amsoshin nan uku rabin maki kowace, na kuma mayar da tambayar ta zama aikin gida: kowa ya je garinsu ya binciko wa ke yabon sarki, wa ke yi masa kirari, wa kuma ke riƙe da tarihinsa. Mai "barde" ya dawo da sunayen mutum uku dabam-dabam. Nan zan dasa aya, ina mai fatan gyara daga malamaina.